Kunnen Taubashina da Jar Fitilar Totur

Da hantsi aka yi jana'izar taubashina, ɗan gwaggona, wanda Dutsin-Ma da Kurfi suka sani da Baba Makanike. Allah ya jiƙansa. Ban yi mamakin yawan jama'a ba, don mutum ne da ya daɗe hannunsa na cikin injin mutane. Direbobi ne suka karya min zuciya. Sun jero motocinsu tun daga bakin tasha har ƙofar gidansa, kuma duk wanda ya tsaya sai ya taka totur, ya ɗaga ƙafa, ya saurara har injin ya sauko, sannan ya kashe mota. Ba wanda ya shirya musu haka. Abin da ya koya musu ke nan, kuma ba su san wata gaisuwa da ta fi wannan dacewa da shi ba.

Maƙwabcinsa na gareji, mai gyaran wayarin mota, Kirista ne mutumin kudu da ya zauna cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Bai shiga sahu ba. Ya tsaya gefe a gindin bishiyar bedi, ya cire hula, hawaye na zuba bai ko share ba. Da aka dawo daga maƙabarta shi ya yi ta shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi, ba wanda ya sa shi. Akwai kuma wani manomi daga Ɗantutture mai karkataccen hannu, wanda ya rantse sai ya ɗauki makara da wannan kafaɗar. Aka ce ya bari, hannun ba zai iya ba. Ya ce hannun ne ma ya fi kowa haƙƙin ɗauka. Zan zo kan labarinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da sitiyari kawai na sani, shi ne wata magana da na ji a wurin zaman makoki. Wani matashi yana tambayar ɗan'uwansa ko wa ya rasu, sai aka ce masa ai tsohon kurman nan ne mai fitila. Maganar ta yi min ciwo. Yaran yanzu sun ɗauka da kurumtarsa aka haife shi, alhali a zamaninmu babu kunne irin nasa tun daga nan har Katsina.

Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka a al'ada bawana ne. Ban taɓa bari ya manta ba. Ko a gaban manyan Alhazan hatsi sai in ƙwala masa kira in ce bawana ya zo ya goge min taya. Shi kuma ya ce Allah ya kyauta wa motar da ta faɗa hannun ɗan kawu, mutumin da ko jaki ya hau sai ya kai shi rami. Haka muka rayu. In aka ga mun gaisa cikin ladabi, to wani ne ya mutu a dangi.

Na fara tuƙin a-kori-kura ne wajen lokacin da aka mayar da tuƙi hannun dama, ina ɗauko gero da dawa da dabbobi daga ƙauyukan Kurfi zuwa Dutsin-Ma. Wanda bai bi hanyar Wurma da Ɗantutture a shekarun nan ba bai san hanya ba. Da ka sauka daga babban titi sai burtalin shanu, sai rairayin rafi da ke haɗiye taya, in damina ta yi kuma sai laka har gindin ƙofa. Duk abin da ke bin wannan hanya a garejin taubashina yake ƙarewa: jif ɗin malaman gona, motocin tantan, baburan malaman makaranta, har da jif ɗin wasu ma'aikata masu zuwa harbin zabi ranar hutu, su dawo ba zabo sai ƙaya a taya.

Komai yana gyarawa, amma totur ne ya ɗauka da zafi. Yakan ce motar da ta ƙi tashi ba ta taɓa kashe kowa ba, wadda ta ƙi saukowa ce abin tsoro. Abin da yake nufi shi ne ka taka totur ka ba mota wuta, ka ɗaga ƙafa, amma totur ya maƙale bai koma wurinsa ba, mota ta ci gaba da ja kamar har yanzu kana takawa. A hanyarmu wannan ba baƙon abu ba ne. Rairayi yana shiga kebur ɗin totur, laka tana bushewa a jikin kafireto mai ba injin mai, sifirin da ke mayar da totur yana gajiya. Ko fulogi kawai ka kawo ya canza maka, ba zai ba ka makulli ba sai ya yi abin da muke kira sallamar totur. Sai ya sa ka hau, shi kuma ya juya wa injin baya, ya rufe ido, ya karkata kai. Ya ce ido yana ruɗin kunne. Ka taka, ka ɗaga, ya saurara. In ya ce ta sauko, ka tafi da kwanciyar rai. In ya yi shiru, to ka nemi inuwa, yau ba inda za ka.

Direbobinmu kuma suna da wata ɗabi'a da ba ta bar shi ya huta ba. In kebur ya fara tauri, maimakon su kawo masa, sai su roƙi man gyaɗa wurin mai ƙosai a tasha su ɗiga a ciki. Ranar farko totur ya yi laushi, mutum ya yi ta yabon dabararsa. Bayan 'yan kwanaki man ya daskare, ya haɗu da rairayi ya zama danƙo. Taubashina sai ya zare kebur ɗin ya shinshina, ya ɗaga murya yadda duk gareji za a ji, ya tambaya wa ya soya ƙosai a cikin wannan mota bai kawo masa nasa ba. Wasu kuma in sifirin ya karye sai su ɗaure da robar tiyub, wasu su shimfiɗa buzun salla a ƙarƙashin ƙafa don taushi, bakin buzun ya riƙe totur. Ya taɓa zare buzun wani direba ya naɗe ya miƙa masa, ya ce wannan na gaban Allah ne, kada ya sa ya kai mutane can da wuri.

Faɗansa a baki yake. Direban da mota ta mace masa a daji, in ya aiko, taubashina zai hau babur da kayan aiki ya bi shi ko ana ruwa. Ya gyara, ya zage shi tas, sannan ya kwance ƙunshin dambun da matarsa ta ɗaura masa ya raba biyu.

A farkon shekarun tamanin kunnen ya fara tafiya. Wasu sun ce ƙarar injuna marasa salansa ce ta shekara da shekaru, wasu sun ce wani zazzaɓi ne da ya yi ya bar masa wannan. Matarsa ce ta fara ganewa. Ta yi ta kira daga madafi bai amsa ba, sai ta daina kira, ta riƙa zuwa gabansa ta tsaya. Shi kuma ya iya ɓoyo. Ya koyi kallon leɓen mai magana, in aka yi dariya ya yi, in aka yi salati ya yi. Ƙugin injin yana jin sa sama-sama, amma bambancin wanda ya sauko da wanda ya rataye a tsakiya ya ɓace masa, kuma wannan bambancin shi ne dukan sana'arsa.

Sai manomin nan na Ɗantutture ya kawo baburinsa. Taubashina ya gyara, ya juya baya, ya karkata kai, mutumin ya murɗa ya saki. Waɗanda ke wurin sun ce kowa ya ji injin bai sauko sosai ba, amma wa zai gyara wa Baba Makanike kunne? Ya ce ta sauko. Mutumin ya isa bakin ƙauyensu, ya saki totur zai karya kwana, babur ya ƙi. Ya keta darni ya daki gindin rumbu, hannunsa ya karye. Allah ya sa babu yaro a kan hanyar. Da labari ya zo, taubashina ya ce rairayi ne, kuma na yi imani a lokacin ya yarda da abin da ya faɗa.

Direbobi suka taru a tasha suka yi shawara, shawarar kuma ta faɗo kaina. Babban cikinsu ya ce min, "Kai kaɗai ka iya hwaɗa mashi. Kai ne abokin wasanshi. In ya yi hushi sai a ce wasa ne."

Na ce su nemi wani. Suka ce babu wani. Ɗa ba zai iya ba, mata ba za ta iya ba, liman in ya faɗa ya zama hukunci. Al'ada ta ba taubashi bakin da ba ta ba kowa ba, ni kuwa duk rayuwata a kan tsokana na kashe wannan baki, ban san akwai ranar da za a nemi in yi aiki da shi ba. Na rasa abin da ke min daɗi. In na faɗa, na raba shi da abin da ya sa ake kiransa Baba. In na yi shiru, wata rana motar da ya sallama za ta shiga kasuwa da mutane.

Na je bayan azahar, lokacin da gareji ya watse, mai wayarin ya tafi cin abinci. Kafin in shiga na saƙala guntun kara a jikin kafireto yadda totur ba zai koma ba. Na ce bawana ya zo ya saurarar min mota. Ya ce motar da ke hannuna addu'a take buƙata ba makanike ba, ya zo ya juya baya, ya rufe ido. Na taka, na ɗaga ƙafa. Injin ya rataye a sama yana kuka, har kajin da ke kiwo a gindin bango suka watse. Ina kallon ƙeyarsa ina roƙon Allah ya ji.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ta sauko."

Na sauka, na kama hannunsa na ɗora a gefen mota. Ƙarfen yana kakkarwa. Ya daɗe hannunsa na wurin. Ya juya ya ga fanka na gudu, ya ga karan, ya zare shi, injin ya kwanta. Sannan ya dube ni.

"Wanga wasa ne, ɗan kawu?"

"Ba wasa ba ne, Yaya."

Rabon da in kira shi Yaya tun ina ƙarami. Ya ce in fitar da motata. Na fitar, na yi gaba kaɗan na tsaya a bayan makarantar firamare, na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Ya rufe gareji duk daminar nan. Ni kuwa ya ɗauke min wuta. In na tsaya kusa da shi a masallaci sai ya canza sahu, in na aika da gaisuwa ba amsa. Na fi son ya zage ni, amma ko wannan ya hana ni. Sai daga baya na ji inda yake wuni. Ashe Ɗantutture yake zuwa da fartanya, yana yi wa mai karyayyen hannu noma. Mutumin da kansa ya gaya min cewa ranar farko taubashina ya durƙusa gabansa a kan kunyar gona, ya ce masa ba rairayi ba ne, kunnensa ne, ya yafe masa. Ya yi noman fari, ya yi maimai, bai bar gonar ba sai da gero ya shiga rumbun nan da babur ya daka.

Bayan kaka aka fara ganin shi da mai wayarin suna shiga gareji su turo ƙofa. Wata safiya na zo tasha na tarar da murfin injin motata a buɗe, kawuna biyu a ciki. Ba sallama, ba gaisuwa. Na tsaya kamar motar ba tawa ba. Da suka gama, taubashina ya nuna min kujera da haɓa.

A gaban sitiyari sun liƙa wani ɗan ƙwan fitila ja. Abin da suka yi ba shi da wuyar ganewa. Sun samo makunnin fitilar birki na babur, suka ɗaure shi da ɗan sifirin a hannun kafireto, wurin da kebur ɗin totur ke ja, suka jawo waya zuwa ƙwan. Muddin totur a buɗe yake, ko kaɗan ne, fitila na ci. Sai ya koma wurinsa gaba ɗaya take ɗaukewa. Ƙa'idar ɗaya ce: ka ɗaga ƙafa, ka dubi fitila. In ƙafarka na sama ita kuma tana ci, ka taka kuloci, ka taka birki, ka kashe mota, kada ka tsaya tunani. Na ce masa ai ni kunnena lafiya lau. Ya kalli bakina har na gama, sannan ya yi min magana ta farko tun ranar karan.

"Ni kurma ne a gareji, ku kurame ne a hanya. Salansa a hwashe, mata na hira, awaki na kuka, mi kake ji? Kuma totur ba a gabana yake maƙalewa ba, can cikin rahi yake yi, inda ba ni."

Daga nan ya ce in sauka in goge masa takalmi tunda na zama ubangidan da bawa ke yi wa tunani. Na ji kamar an sauke min buhun dawa daga ka.

Ya buɗe gareji. Sallamar totur ta canza: yanzu yana fuskantar injin, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ido a kan kafireto, kuma bai ƙara ɓoye wa kowa cewa ba ya ji ba. Direbobi suka sa wa fitilar suna jan ido. Da farko dariya suka yi ta yi. Wasu sun karɓa don kunyar Baba, wani ya ce a sa masa kore don ja ba ya yi masa kyau, wani ma ya nemi a jera masa da yawa don ado. Taubashina ya kore shi.

Damina ta zagayo. Aka yi suna a danginmu a Wurma, na ɗauko matan gida zan mayar da su Dutsin-Ma, cikinsu har da matar taubashina da 'yarsa ta fari da goyonta. An cika bayan mota da mata da ƙwarya da ragon da aka ba wata kyauta. Akwai wani rafi a hanyar da dole ka taka totur har ƙasa ka keta rairayi da ruwa, ka hau gaɓa da ƙarfi. Bayan gaɓar akwai ɗan fili, daga nan sai gangare mai tsawo da ke sauka kai tsaye kan rijiyar wani ƙauye, inda shanu da masu ɗiban ruwa ba sa yankewa. Na keta, na hau, na ɗaga ƙafa. Salansata ta fashe tun a hanyar zuwa, mata suna gardamar wadda ta fi kawo tuwo mai kyau, rago na ta nasa. Ban ji komai ba. Ido na kai kawai don sabo, sai na ga jan ido yana kallona.

Na taka kuloci, na taka birki, birkin da ya sha ruwan rafi ya yi sanyi, na murɗe makulli. Mota ta gangara kaɗan ta tsaya a bakin gangaren. Daga inda nake ina hango mata a rijiya da tulunansu. Na buɗe injin na tarar da tsakuwa da laka sun cushe a hannun kafireto, totur ya tsaya rabi. Da a ce na fara gangarawa kafin in gane, da wannan birkin da wannan lodin, ban san abin da zai tsayar da mu ba. Matan baya ba su ma san abin da ya faru ba, wata tana tambaya ko mai ne ya ƙare. Matar taubashina ce kawai, da ke zaune gaba, ta ga fitilar ta ga fuskata. Ta yi salati a hankali.

Da muka iso ita ta ba shi labari, tana tsaye gabansa tana buɗe baki sosai don ya karanta. Na zaci zai yi murna, ko ya yi min gori. Sai ya tambaye ni ko a fili na duba fitilar ko sai da na fara gangara. Na ce a fili. Ya ce to madalla, jaki ya fara koyon karatu. Ya karɓi jikarsa daga bayan uwarta ya rungume, ya shige ɗaki da ita, ya daɗe bai fito ba.

Bayan wannan ba wanda ya ƙara yi wa jan ido dariya. Masu tantan suka kawo, masu jif suka kawo, har daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Ya koya wa duk makaniken da ya tambaya, bai riƙe komai ba. In aka yabe shi sai ya nuna mai wayarin ya ce hannun wancan ne, shi kurumta kawai ya bayar.

A shekarunsa na ƙarshe kunnen ya rufe gaba ɗaya, ko tsawa ba ya ji. Abin da ya fi damunsa shi ne a yi sallama a ƙofarsa bai amsa ba, a ce ya yi girman kai. Sai shi da mai wayarin suka ɗauko tsohon batir da irin makunnin nan suka kafa a bakin zaure, suka ja waya zuwa ɗakinsa, suka rataye jan ƙwai a saman ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya danna. Fitila ta kama, ka ji tarinsa, ka ji jan takalminsa, ya fito yana amsa sallamar da bai ji ba. Ni nakan danna in riƙe don in ba shi haushi, ya fito yana cewa ya san ɗan kawu ne, don shi kaɗai ne bai iya ɗaga hannu ba.

Bayan an watse daga zaman makoki na koma gidan don in gaida matarsa. Na isa zaure, hannuna ya tafi da kansa ya danna. Ta tsakar gida na hango jan hasken ya kama a ɗakinsa, ƙofa a buɗe, gadon a gyare. Na riƙe ban saki ba, ina jiran tarin. Matarsa ta fito daga madafi ta tsaya tana kallon fitilar tare da ni.

Can ta ce, "Ya isa, Direba. Babu mai gani."

Na tambaye ta ko in kira mai wayarin ya cire. Ta ce a bar ta inda take. Sai na ɗaga hannuna.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya haskaka masa kabarinsa.